Ranar da Miyar Inna Ta Yi Zaƙi

Auwalu injiniya ne, kuma ba ya bari a manta da haka. Ya shafe shekaru yana auna ƙarfin gadoji a jihar Maryland ta Amurka, har ya ɗauka babu abin da zai gagare shi aunawa, ciki har da jikinsa. Da likita ta ce masa jininsa ya hau, ta rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum da safe, sai ya yi mata godiya irin ta masu ilimi, ya biya kantin magani ya karɓa, ya jefa kwalbar a aljihun gaban mota ya rufe. Tsoro ne ya kama shi, ba wani abu ba. A ganinsa duk ranar da mutum ya fara haɗiyar ƙwayar safe ya shiga layin tsofaffi ke nan, shi kuwa bai shirya ba. Bai gaya wa matarsa Sailuba ba, don ma'aikaciyar jinya ce, ya san ba za a kwashe lafiya ba.

Raymond, abokin aikinsa ɗan Jos, shi ya kai shi wani ɗan shago na magungunan ƙasar Sin a Annandale. Can aka auno masa wasu busassun 'ya'yan itace jajaye, ƙanana, masu yamutsattsiyar fata. Goji ake ce musu, amma ba gojinmu na miya ba.

"Oga, wannan abu ba wasa ba ne," in ji Raymond. "Ido, hanta, ƙarfin jiki, komai. Tun da na fara, ko lifta ba na hawa a ofis."

Ofishin nasu a hawa na biyu yake, amma Auwalu bai tsaya kan wannan ba. Ya koma gida ya karanta duk abin da aka rubuta a intanet na yabon abin, ya tsallake duk inda aka ce ba ya maye gurbin maganin likita. Kullum da safe sai ya jiƙa ɗan kaɗan a ruwan zafi cikin kofin da yake tafiya da shi aiki, ya kurɓa a kan hanya, yana jin kansa garau kamar sabuwar mota.

Ga abin dariyar: wannan Auwalun ne ya hana mahaifiyarsa shan jiƙo. Duk zuwansa Zariya sai ya bi ɗakin Inna yana kwashe saiwoyi da sassaƙe, yana lacca a kan ƙoda. Shi ne ya ɗora ta a kan ƙwayar hawan jini, shi yake bugo waya yana tambaya ko ta sha. Yanzu ga shi da nasa jiƙon. Da abin ya ɗan tsaya masa a rai, sai ya lallashi kansa da cewa nasa ai a leda mai rubutu ya zo.

Wurin ɓoye 'ya'yan itacen kuwa ya yi masa dabara har yana yaba kansa. Ya juye su a tsohuwar kwalbar zuma, ya tura bayan kuka da daddawa a kabad ɗin kicin. Ko Sailuba ta gani, ya ce a ransa, za ta ɗauka barkono ne.

Sai Inna ta zo musu ziyara Upper Marlboro, garin da suke zaune.

Auwalu ɗanta ne na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta cika yi masa magana kai tsaye ba. Ko yana zaune a gabanta, Sailuba take fuskanta ta ce, "Ki ce wa mijin naki ya rage sanyin gidan nan." Haka suka saba, kuma babu wanda ya taɓa jin an rage shi da komai.

Wata Asabar Sailuba ta tafi aikin safe, Inna ta ce yau ita za ta yi girki, ta gaji da miyar da ba ta sa mutum jan hanci. Ta lalubo kwalbar, ta ga barkono ja jawur, ta ji daɗi. Ta ɗan matsa ɗaya ta ji laushi, ta yi tsaki: komai na ƙasar nan haka yake, ga kyan gani, babu zuciya. Ta watsa hannu guda a injin markaɗe tare da tumatir da albasa. Miya ta tafasa, ta ɗanɗana, shiru. Ta markaɗa wani ta ƙara. Shiru. Ranta ya ɓaci, ta juye kwalbar gaba ɗaya.

Da rana suka zauna cin shinkafa su uku. Lomar farko Auwalu ya gane abin da yake taunawa. Miyar ta yi kauri, ta yi zaƙi kamar an zuba dabino. Ya ci gaba da ci, har da gyaɗa kai.

"Inna, sukari kika sa?" Sailuba ta tambaya a hankali.

"Ni? Sukari a miya? Barkononku ne na banza. Kwalba guda na ƙarar, ko tari ban yi ba."

"Wace kwalba?"

Inna ta nuna. Sailuba ta tashi ta ɗauko, ta zazzago guda biyu da suka maƙale a gindi, ta duba a tafin hannu. Ta san su sarai, marasa lafiya sun sha zuwa mata da irinsu a jaka. Ta juyo ta dubi mijinta, wanda ya duƙufa a kan faranti kamar mai neman tsakuwa a shinkafa.

"Abban Najiba, me kake magani?"

"Ba magani ba ne. Ɗan ƙarin kuzari ne kawai."

"Me likita ta ce maka ranar da ka je duba lafiyarka?"

Ya fara bayani daga nesa, ya bi ta tarihin magungunan Sin, ya ratsa ta amfanin hanta. Sailuba ba ta katse shi ba. Ta shiga ɗaki ta fito da abin awon jini, ta naɗa masa a dantse a nan kan tebur, gaban mahaifiyarsa. Da lambar ta fito ta yi sama sosai, sai ta juyo masa da ita ya gani. Nan ya faɗi komai, har inda kwalbar ƙwayar take.

"Ka ci abinka in kana so, 'ya'yan itace ne," in ji ta. "Amma ba za su sauke wannan ba. Ka sani, na san ka sani."

Kunya ta rufe shi. Duk da haka bai sallama ba, ya ce a ba shi wata ɗaya ya gwada motsa jiki tukuna. Inna dai ta tashi. Ta kwashe kwanuka ta shige ciki.

Washegari da safe suna karyawa Inna ta fito da robar magungunanta, mai gida-gida na kowace rana, ta ajiye a tsakiyar tebur. Ta zauna ta harɗe hannuwa.

"Inna, ga ruwa," in ji Sailuba.

"Bar shi. Ki gaya wa mijin naki na daina. Ni ma a kai ni wurin mutanen Sin ɗin a auno mini."

"Haba Inna," Auwalu ya ce, "ke ai naki ya daɗe. Ba a wasa da shi. In kika bari ko na kwana..."

Bai ƙarasa ba, don ya ji muryarsa tana karanto laccar Zariya.

Inna ba ta dube shi ba. "Ki gaya masa ƙwayar nan ba daɗinta nake ji ba. Ya ce in sha, na sha, don kada hankalinsa ya tashi a ƙasar mutane. Ubansa haka ya yi ta cewa lafiyarsa lau, har ranar da ya faɗi a bakin masallaci. Na yi wannan zaman makokin. Ban hau jirgi na zo nan in yi wani ba."

Tana gama faɗa ta gyara mayafi, ta kawar da fuska. Auwalu bai taɓa jin ta faɗi damuwarta a kansa ba, ko a bayan idonsa. Tausayinta ya kama shi, haushin kansa kuma ya fi.

Ya tashi da silifas ya fita wurin mota, ya dawo da kwalbar. Ya murɗa murfin, ya ƙi. Ya sake murɗawa da ƙarfi, murfin sai juyawa yake yana ƙaras-ƙaras. Mai auna gadoji ya tsaya yana karanta rubutun kan murfi.

Inna ta miƙo hannu ba tare da ta ɗago kai ba. Ta danna murfin da tafin hannu, ta murɗa, ya buɗe. Ta zazzago ƙwaya ɗaya, ta tura masa kofin ruwan da aka kawo mata.

Sai da ta ga maƙogwaronsa ya motsa sannan ta jawo robarta.