Battar Yaji Daga Ringim

Shekara biyu da wata huɗu Wada da matarsa Shatu suka yi tsakanin Ringim da Makka, shi da jakar fata a baya, ita da ƙunshi a ka. Inda suka sami mota su hau, inda babu su taka sayyadarsu. Dukansu 'ya'yan mahauta ne, saboda haka duk garin da guzuri ya ƙare sai Wada ya hura wuta a bakin tasha ya kafa tsire, Shatu ta daka yaji.

Wada mutum ne mai son kallo da son ciki, kuma in ni aka tambaya, cikin ya fi ƙarfi. A bakin kogin Fort Lami ya tsaya kallon dorina har kwalekwale ya tafi ya bar su. A Hartum ya ja Shatu zuwa inda manyan koguna biyu suka haɗu, kowanne da launinsa, ya ce kamar fura da nono kafin a dama. Da suka iso Bur Sudan ya kamfaci ruwan teku ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce wannan ai ɓarnar gishiri ce. Shatu ta ce da shi, "Kai komai ka gani sai ka kai shi bakin tukunya." Tana faɗa tana dariya, domin da ba don shi ba da tafiyar ta yi mata tsawo.

Ita kuwa ba aikin hajji kaɗai ya kawo ta ba. Mahaifinta Hashimu ya bar gida tana rarrafe, ya ce wa uwarta Mairama damina biyu zai yi ya dawo daga Makka. Shekara ashirin da shida ke nan, shiru kamar an aiki Bawa garinsu. Shatu ba ta san fuskarsa ba. Abin da ta sani nasa ɗaya ne, yajin tsiren da ya koya wa Mairama, Mairama ta koya mata: a soya kimba har ta kusa ƙonewa, a daka ta da 'yar busasshiyar tsamiya. Tun daga gida take lallaɓa kimbarta, yajin kuma yana cikin wata battar fata a jakar Wada.

Aka yi hajjin 1965, aka sauko daga Arfa lafiya. Sun sauka a unguwar Hindawiyya cikin Makka, gidan wata dattijuwa Hajara wadda iyayenta suka zo da ita ta Sudan. Jirgin ruwansu zai tashi daga Jidda bayan kwana shida. Sun yi cigiya har bakinsu ya gaji, babu wanda ya san Hashimu na Ringim.

Hajara ta ce, "Ya binti, 'yata, a nan ba a kiran mutum da garinsu. Amma masu tsire duk namu ne. Yalla, ku bi su ɗaya ɗaya."

Shatu ta ce to, da harshenta za ta neme shi. Wada bai taɓa jin dabarar da ta yi masa daɗi kamar wannan ba. Da safe su je ziyara, su hau Dutsen Nur yana haki yana kirari, su leƙa kasuwar tasbaha da dabino. Da la'asar su bi masu tsire lungu lungu. Ya sayo, ta tsaya gefe ta ɗanɗana loma guda ta girgiza kai, shi kuma ya cinye sauran don kada a yi almubazzaranci a ƙasa mai tsarki. Cikin kwana huɗu hularsa ce kaɗai ba ta matse shi ba. Shatu kuwa dariyarta ta fara raguwa, tsoro ya kama ta sosai, kada ta koma ta ce wa uwarta ba ta ga ko kabarinsa ba.

A rana ta biyar suka faɗa wani lungu a can bayan Hindawiyya, inda wani tsoho mai farin gemu yake fifita garwashi. Shatu ta ɗanɗana, ta girgiza kai, ta juya baya tana share ido da mayafi. Wada ya ga haka, ransa ya ɓaci, ya rasa a kan wa zai sauke. Ya zauna a bencin tsohon ya miƙe ƙafa, takalmi da komai, ya cika baki da nama.

Ya ce, "Baba, yankan ya yi, gashin ya yi. Amma yajin nan naka salam yake. Wa ya koya maka?"

Tsohon ya ce, "Ya hajji, shekara arba'in ina wannan sana'a."

"To an yi shekara arba'in ana cutar mutanen Makka. Tsaya ka ga yaji."

Ya zaro battar, ya barbaɗa a kan tsinke ɗaya, ya miƙa masa da gadara. Tsohon ya karɓa don kawai a rabu lafiya. Ya tauna sau biyu, sai ya daina. Maficin ya faɗi daga hannunsa.

Ya ce a hankali, "Kimba soyayya. Da tsamiya. Rabona da kimba tun ina Fashir ta Sudan, a nan ba a samunta. Wa ya daka wannan?"

Ashe kwana biyar suna neman ɗanɗanon da mai shi kansa ya rasa. Shatu ta matso ta ce ita ta daka, uwarta ta koya mata, Mairama ta Unguwar Mahauta a Ringim.

Tsohon ya daɗe yana dubanta. Ya ce tun yana Sudan wani ayari ya gaya masa sanƙarau ya share gidansa, mata da 'ya, shi ya sa bai ga abin komawa ba. Ya ce, "Shatu ce?" Ta ce, "Ni ce, Baba." Ta durƙusa a ƙasa, ya dafa kanta da hannu mai maiƙo, suka yi kuka har maƙwabta suka leƙo.

Sai a nan lissafin Wada ya dawo. Surukinsa ne. A Ringim ko hanya suka haɗa sai ya tuɓe takalmi ya tsuguna, cin abinci a gabansa kuwa ko a mafarki. Ga shi ya zauna masa a benci, ya kushe masa sana'a, kuma ga loma a kumatu, ba dama ya tauna, ba dama ya tofar. Ya sulale ƙasa ya cire takalman ya ɓoye su a bayansa, ya sunkuyar da kai.

Hashimu ya share ido ya tambaya, "Wannan mai bakin fa?"

"Mijina ne."

"Ɗayyib, madalla. Ya iya zagi, amma ya san yaji." Sannan ya juya ga Shatu, kamar mai tsoron tambayar da ta rage. "Mairama fa?"

"Tana nan da ƙarfinta. Ta ba ni saƙo. Ta ce in na same ka in tambaye ka, wai damina biyun ba ta cika ba ne?"

Hashimu ya yi dariya, hawaye yana bin gemunsa. Ya ɗauki buta ya yayyafa wa garwashin ruwa, ga nama jere ba a sayar ba, ga rana da sauranta.

Ya ce, "Ba ta cika ba, saura ta bana. Da bakina zan gaya mata. Kai kuma haɗiye lomar nan, ka tashi ka nuna mini inda ake yankar tikitin jirgin."