Muryar Mama a Tsohuwar Kwamfuta

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka yi wa Mama aiki a maƙogwaro ta rasa murya. Kafin ranar aikin, Baba, wanda rubuta manhaja ce sana'arsa, ya zaunar da ita mako uku tana karanta kalmomi yana naɗa. Da su ya haɗa mata manhaja: ta buga rubutu, kwamfuta ta faɗa da muryarta, har da 'yar tsawar nan tata.

Sai dai Baba, Allah ya jiƙansa, akwai zargi. Gani yake duk duniya jira take ta sace masa aiki. Ya dagula cikin manhajar yadda ba mai iya warware ta, ya ɗaure ta da kwamfuta ɗaya tak. Ainihin rubutun manhajar kuwa, har ya rasu bai faɗi inda ya ajiye shi ba. Haka kwamfutar ta tsufa a kan teburin falo, da takarda manne a goshinta: KADA A SABUNTA.

Da kwamfutar ta fara ɗaukewa da kanta, 'yarsu Auta ta rungume ta sai shagon mai gyara. Kwana huɗu yana fama.

"Ƙanwata, mahaifinki ya iya aikinsa," in ji shi. "Na leƙa ciki, ba layi ɗaya da ke karantuwa. Muryar tana nan, amma a kulle. Na kwafa a sabuwa, ta ƙi tashi. Wannan kuwa, in ta sake kunnuwa sau ɗaya, ku gode Allah."

Auta ta ji haushin Baba, ta kuma ji kunyar jin haushin mamaci.

A gida ta faɗa wa Mama gaskiya. Ta rubuta jerin kalmomin buƙata, ruwa, magani, ina jin ciwo, ta ajiye waya a bakin lasifika don ta naɗa. Kwamfutar ta yi gurnani, ta tashi da ƙyar.

"Mama, ki yi sauri, ki fara daga sama."

Mama ta dubi takardar, ta ture ta gefe. Da yatsa ɗaya ta shiga bugawa. Sai ga muryar tana kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙasa, yadda take kiran su daga kicin suna yara. Auta ta kasa kunne tana jiran nata.

Su biyar ne. Kwamfutar ta mutu a kan na huɗu.