Ledar da Guduma Ya Ɗaura

Ɓoye wa na gaba da kai abin da ka san zai hana ka, wannan shi ne laifin. Wanda ya aikata shi wani mai walda ne da ake kira Guduma, kuma kada wani ya ce rago ne.

Tun yana saurayi ya shiga judo, wasan nan da ake sa farar riga mai kauri, a cafki wuyan rigar juna, a yi ta kici-kici har wani ya kai wani ƙasa. Duk abin da wasan ya nema ya ba shi. Ya sayar da babur ɗinsa saboda kayan wasa da tafiye-tafiye, ya koma zuwa shago da gudu. Ya bar majalisar abokai. Ya bar shayi mai sukari. Ranar da matarsa ta haihu ma daga kan katifar atisaye aka kira shi, ya iso asibiti da ɗamara a ƙugu. Ta haɗiye wannan, ta haɗiye wasu.

Ana nan sai kocinsu ya zaɓe shi zuwa babbar gasar da ya daɗe yana jira. To amma a can kowa da ajin nauyinsa, sai an ɗora mutum a sikeli kafin ya taka katifa. Guduma ya hau na ɗakin horo, ya haura ajinsa da kilo biyu.

Koci ya ce, "Rage abinci a hankali, ka ƙara gudu. In bai sauka ba wani ya je, kai ka jira ta baɗi. Kada in ji ka yi wata dabara."

Baɗi? Guduma ya dubi gwiwoyinsa da suka fara ƙara in ya tsuguna. Ya san ba shi da baɗi mai yawa.

Daga ranar zama ya gagare shi. Ya tashi ya hau sikeli, ya sauka, ya cire agogo ya sake hawa. In ƙishi ya dame shi sai ya kurɓi ruwa ya kurkure baki ya furzar. Yana tafe yana tofar da yawu, wai ko shi ma nauyi ne.

Matarsa ta ajiye masa kwano, ya buɗe, ya shaƙi ƙamshi, ya rufe.

"Maigida, tukunyata ce ta yi maka laifi ko ni?"

"Ki yi haƙuri, an kusa."

"Tun ina amarya ake kusa. Dubi wuyanka kamar na zakaran da ya sha jinya."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya fita ya zagaya unguwa da gudu.

Kilo ɗaya ya sauka, ɗayan ya ƙi. Sai ya tuna abin da wasu 'yan wasa ke yi a ɓoye: su huda baƙar ledar shara, su zura kai da hannuwa, su ɗora riga a kai, gumi ya yi ta zuba. Su a filin gudu suke yi. Shi kuwa ya ce ina ya ga lokaci, ai zafin shago ya fi na fili.

Shagon na yayansa ne, mutum mai doka ɗaya da ba ya sassautawa: ba a kusantar wutar walda da tufafin roba. Ko safa ce sai ya sa ka cire. Guduma ya san dokar sarai, da bakinsa yake karanta wa sababbin ma'aikata ita.

Da safen da ya zura ledar a ƙarƙashin riga ya zo shago, yana sunkuyawa ɗaukar rodi, yayan ya ɗago kai.

"Kai, me ke ƙara a jikinka kamar an danne buhun biredi?"

"Ba komai, Yaya. Sabuwar singileti ce."

"Singileti mai magana? Kuma ina rigar fatarka ta aiki?"

"Zafi, Yaya. Aikin kaɗan ne, yanzu zan gama."

Yayan ya buɗe baki, sai wani mai aiki ya kira shi waje a kan maganar taga. Ya fita.

Aikin kuwa na sama ne, haɗa kan wata doguwar ƙofar ƙarfe. Guduma ya taka benci, ya ɗaga hannu, ya kunna wuta. Gumi na bin ƙafarsa har cikin takalmi, idonsa na ganin ƙofar biyu-biyu saboda ƙishi, amma a ransa murna yake: ga kilon nan yana zuba.

Ɗigon narkakken ƙarfe ya faɗo ta wuyan rigarsa. Kowane mai walda ya san wannan ɗigo. A kan auduga ɗan rami yake bari da ɗan tabo, ka yi tsaki ka ci gaba. A kan leda kuwa sai ya kama. Ledar ta kama da wuta a ƙarƙashin riga, ta narke, ta manne da fata. Ya kai hannu zai yage, hannun ba ƙarfi. Ihunsa ne ya dawo da yayan a guje, ya kayar da shi ƙasa ya danne wutar da rigar fatar nan da aka rataye a ƙusa.

A asibiti suka auna shi kafin su ba shi magani. Ya sauka ƙasa da ajinsa har da rara.

Ga abin da ya rasa. Gasar, wani aka tura. Fatar ƙirjinsa daga wuya zuwa cibiya. Hannun dama, wanda yake cafkar abokin karawa da shi, ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Koci ya zo dubiya sau ɗaya, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tafi. Yayansa ya karɓe masa wutar walda, ya miƙa masa burushin fenti. Babur kuma yana hannun wanda ya saya.