Firjin da Ba a Taɓawa

Farfesa ta tsufa a kan tambaya guda: idan tsiro ya ji ƙishi, waɗanne ƙwayoyin gado ne ke farkawa a cikinsa, waɗanne ke yin barci? A nan ta yi suna. Ta gano wata ƙwaya da ke tashi tun ganye bai fara yaushi ba, aka yi ta gayyatarta ƙasashe, lambobin yabo suka cika bangon ofishinta.

Amma ranta yana can ƙuryar ɗakin gwaji, cikin wani ƙaton firji mai sanyin da ke ƙona yatsa. 'Yan kwalabe ne jere a akwatuna, ruwan da ta tatso daga ganyaye tun gashinta yana baƙi. Ba ta yarda kowa ya buɗe ba, makullin ma a wuyanta yake kwana. Ɗalibai kan ce ko mijinta bai samu irin wannan tsaro ba.

Da ritaya ta zo, dokar wurin ta biyo ta: duk akwatin da babu ma'aikacin da ya karɓi riƙonsa, zubarwa za a yi, a ba wasu wuri. Aka ba ta wa'adi zuwa ranar liyafar bankwana.

A ranar ta ja shugaban sashe gefe. Ɗalibinta ne a da, har yanzu Dogo take ce masa. Ta ciro makullin ta miƙa masa tana murmushi, kamar mai ba da babbar kyauta.

Bai karɓa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce babu wanda ya san abin da ke ciki, babu wanda ya taɓa aiki da shi, yaran kuma kowa ya kama nasa binciken.

"Dogo, ni fa na koya maka riƙe kwalba."

"Haka ne, Mama. Ke kuma kika buge min hannu ranar da na taɓa murfin nan. Cewa kika yi kada mu kusance shi. To, mun ji magana."

Aka kira su ciki. Dogo ya yi jawabi mai daɗi, ya ce ita ce uwar sashen, aka yi ta tafi. Da tafin ya lafa, sai ta lura gurnanin nan na bayan bango, wanda kunnenta ya saba da shi, ya ɗauke. An kashe firjin.

Akwati ɗaya ta iya ɗauka. A gida ta tura shi cikin firjin kicin, gefen ragowar miya. Ta fi kowa sanin wannan sanyin bai isa ba, kafin a jima abin da ke cikin kwalaben zai lalace, ya koma ruwa kawai.

Mijinta ya leƙo, ya kai hannu kan akwatin, ya tambaya cikin wasa ko na ci ne.

"Kada ka taɓa," ta ce.

Ya janye hannunsa. Ya saba.