Bakanon Nan Mai Keke

A Kano bakina ne ya fara tona ni. Ranar da na kama aiki a maɗaba'a na ce za ni tahiya masallaci, sai shago ya ɗauki dariya. Kafin la'asar sunana ya tashi daga Yari ya koma Za-ni. Ban yi fushi a fili ba, amma na ƙulla a raina. Na zauna na goge harshena tas, har ya zama ina cewa "zan tafi" fiye da waɗanda aka haifa a bakin Kurmi.

Keke ne abokina a garin nan. Da shi nake zuwa aiki daga Kurna, ina kutsawa tsakanin 'yan adaidaita waɗanda suke ganin mai keke kamar ba uwa ce ta haife shi ba. In na dawo ɗaki babu mai ce mini sannu, sai in zauna in rubuta abin da na gani a Fesbuk: mai facin da ya yi mini huɗuba kan aure, akuyar da ta hana motoci wucewa, ruwan da ya kama ni a gada. Mutane suna karantawa suna yabon Hausata. Cikinsu babu wanda ya taɓa cin tuwo da ni.

Mutum ɗaya nake rubuta wa a gaskiya, shi ne Baba. Tun da zaman ƙauyenmu Tozai ya gagara mutanen gidanmu suka koma garin Isa, ni kuma hanya ta hana ni zuwa akai-akai. Idonsa ya yi rauni, kunnensa ya yi nauyi, in na kira sai dai mu yi ta "iye? iye?" har kati ya ƙare. Don haka ƙanwata Basira ce take zama kusa da kunnensa ta karanta masa rubutuna duk ranar da aka samu sabis.

Baba mutum ne mai faɗa. Da keke ya yi ƙuruciyarsa yana kai gero kasuwar Isa, kuma bai taɓa ganin na hau keke bai sami abin gyarawa ba. Amma duk lokacin da na tambayi Basira me ya ce, amsar ɗaya ce, wai ya ce madalla, Allah ya yi albarka. Da farko na ji daɗi. Daga baya abin ya fara damuna, don Baba ba ya yi wa nasa madalla, baƙi yake yi wa.

Wata Juma'a na matsa mata. Ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce jiya da ta gama karatu ya juyo ya ce mata:

"Wanga Bakano mai keke yana da kirki. Ki ce mai in ya ga Yari can, shi gaishe min shi."

Na tambaye ta ko ba'a yake yi. Ta ce wallahi Yaya ba ta sani ba, kwanakin nan yakan kira ta da sunan Inna, wadda ta daɗe da rasuwa. Ta gaya masa ai Yarin ne ya rubuta, ya ce a'a, ɗansa ba haka yake magana ba.

Na ji tsoro ƙwarai. Ashe duk watannin nan wani baƙo nake aika masa, shi kuma yana zaune yana jiran ɗansa.

Washegari cen ɗin kekena, wato sarƙarsa, ya tsinke a Ƙofar Ruwa, na turo shi da ƙafa har gida. Na zauna zan rubuta, sai na tarar bakin namu ya yi mini tsatsa. Na goge, na sake, ina faɗa da ƙarfi ni kaɗai a ɗaki kamar mai taɓin hankali, har ya fito: "Yau cen yat tsinke min bisa hanya. Naj jawo keke ƙasa, rana tana ta dukana, ba wanda yac ce min sannu. Gobe za ni kai shi wurin gyara."

Masu karatuna suka yi ca. Wani ya ce an sace wayar marubuci, wani ya tambaya ko sabon wasan barkwanci na fara. Abokan aikina suka tono tsohon sunana. Ban kula kowa ba, Isa nake saurare, Isa kuwa babu sabis. Kwanaki suka yi ta wucewa ina duba waya a bakin kowace danja.

Ina cikin shago saƙon Basira ya shigo. Ta ce ta karanta masa, ya sa ta maimaita, sannan ya buga sandarsa a ƙasa ya ce:

"Sau nawa za ni hwaɗa ma yaron ga shi riƙa sa ma cen mai? Kunnen ƙashi garai tun yana ƙarami. Ki ce mai ni nac ce."

Na fita bayan shago inda nake jingine keken, don kada a ga idona. Na so in nuna wa wani saƙon, na duba duk Kano ban ga wanda zai gane abin murna a cikin faɗa ba. Sai na tsallaka wurin mai gyaran babur na roƙi ɗan baƙin mai a murfin gora, na tsuguna na shafa wa cen ɗin.