Garinmu Ya Fi Kowa Lafiya

Jama'ata, barkanku da war haka. Ku matso kusa, yau Autanku ba da shirme ya zo ba, labarin yayata Adawiyya zan ba ku.

Ranar da masu binciken ciwon daji suka zo ƙauyenmu, can gefen Mai'adua, ni na ɗauko shugabarsu, Malama Zakiyya, a babur. Ta ƙanƙame ƙarfen baya kamar za ta tafi da shi gida.

"Hajiya, saki ƙarfen nan, ko akuya ban taɓa kayarwa ba. Allura kuka kawo mana?"

"Tambaya kawai," in ji ta. "Muna kwatanta garuruwan da ke zuba wa wake maganin ƙwari a buhu da waɗanda ba sa zubawa, mu ga ina ciwon ya fi yawa. Inda ya fi yawa, can za a tura motar gwaji kyauta."

Na ƙara wuta. Yaya Adawiyya ta daɗe da ƙullutu a nono, har hannunta na dama ya daina ɗaguwa sosai.

* * *

Ashe labari ya riga mu isa. Mijinta, Sharu Kalilu, babban dillalin wake ne, ya riga ya zaga gida-gida. Wai in aka ji waken garinmu na sa daji, wa zai ƙara taya buhunmu a kasuwa? Yara su ci me? Kowace ƙofa Malama ta yi sallama, amsa ɗaya: mu nan ko mura sai baƙo ya kawo mana.

Na ja ta har tsakar gidan Yaya. Sharu na zaure yana jan carbi, kunnensa na cikin gida.

"Baiwar Allah, akwai inda ke miki ciwo? Ko wani kumburi?" in ji Malama.

Yaya ta gyara mayafi. "Babu."

"Haba Yaya!" na ce. "To man shanu da ƙullin maganin da kike aike na saye duk ranar kasuwa fa? Miya kike yi da su?"

"Auta, bakinka ko? Fita min a gida."

Ta biyo ni bayan rumbu, idonta jajir. "So kake a ce matar Sharu ce ta karya kasuwar garin nan? Da wane ido zan shiga gidan suna?"

"Da ranki dai, Yaya."

Ta share fuska, ta koma ta kawo wa baƙuwa fura.

A hanya na fayyace wa Malama komai. Ta ce abin da mai jiki ta faɗa da bakinta shi kaɗai ake ɗauka, amma in lallaɓa Yaya in kai ta asibitin Daura. Na lallaɓa. Sharu ya ce ba da izininsa ba.

* * *

Bayan damina sakamako ya fito. Garinmu ne ya fi kowa lafiya a duk yankin. Motar gwaji ta wuce wajen Zango, Sharu kuwa har goro ya raba a kasuwa.

Jiya na leƙa gidan. Na tarar da Yaya zaune a inuwa, ta ɗora jaririnta a bayan Firdausi, 'yarta da ko firamare ba ta gama ba, tana koya mata ɗaurin goyo.

"Ƙara tamkewa," take ce mata. "Ki iya tun yanzu."

Da ku ne ni, jama'a, ya za ku yi?