Mai Sauko da Abin Bauta

Shekara talatin Mikon yana riƙe da igiya a bayan dandalin wasan kwaikwayo na birnin Atina. Aikinsa ɗaya ne. In marubuci ya rikita labari har ya rasa mafita, 'yan'uwa sun zare takubba, sai a ɗaure ɗan wasa a bakin dogon katako, sanye da fuskar abin bauta. Mikon ya ɗaga shi, ya sauko da shi daga sama, abin bautar ya raba gardamar. Wasa ya ƙare.

Sau ɗaya igiyar ta taɓa kufce masa. Amininsa Fileyas ne a sama. Ya faɗo gaban taron gari, kuma da yake ba a cire fuskar wasa a idon jama'a, a cikinta ya cika. Tun ranar, duk wanda Mikon ya ɗaga, nauyin mutum biyu yake ji.

Bana ɗan marigayin, Damon, magidanci mai gemu, shi zai hau.

"Baba Mikon, ka karya kuwa?" in ji Damon yana ɗaura ɗamara.

"Kai dai rage cin cuku. Ubanka bai kai rabinka ba."

"Shi ma ai ya yi maka nauyi."

Mikon ya juya ya duba ƙullin igiyar.

Marubucin wasan ya leƙo yana share gumi. "Tsoho, a yi a hankali. Ban rubuta wani ƙarshen ba."

"Da ka iya aikinka, da ba ka nemi igiyata ba."

Rana ta take. Mai sarewa ya ba da alama, Mikon ya ja. Katako ya yi ƙara, Damon ya tashi sama da rufin dandali. Nan nauyin ya zo, ya fi na kullum. Da Damon ya buɗe baki cikin fuskar, muryar da ta fito ta Fileyas ce, har da 'yar dusashewar nan tasa.

Igiya ta soma zamewa, tana cin fatar tafin tsohon. Mikon ya naɗe ta a damtse, ya kafa ƙafa a jikin dutse.

"Fileyas," ya ce ƙasa-ƙasa, "ɗanka ne. In da mai biya, ni ne. Sauka."

Nauyin bai ragu ba. Haka ya riƙa sakin igiyar taƙi-taƙi, jini na bin gwiwar hannunsa, har ƙafafun Damon suka taɓa ƙasa. Jama'a suka ɗauki tafi.

Damon ya zagayo baya, ya cire fuskar. Ya tarar da tsohon tsaye, har yanzu yana ja.

"Baba, sake ta. Na sauka."

Yatsun suka ƙi buɗuwa. Damon ya durƙusa, ya riƙa ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.